Zuwa ga Sa'idu, Kafin Ya Hau Babur Zuwa Gembu

Majidaɗi, Jalingo.

Ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun tashi lafiya kai da matarka, ɗiyata Asma'u, da maƙwabtanku na Abbare. Allah ya sa wannan canjin wurin aiki da aka yi maka ya zama alheri, ya tsare ku a hanya, ya kai ku Gembu lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali tsakanin gidana da naka ko fetur ba a ƙonawa. Ka san halina. In ka zauna a gabana sai mu yi ta maganar shanu da tsadar mai har ka tashi, abin da ke raina bai fito ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan haɗa ta da makullin babur ɗin, ka karanta kafin ranar Asabar.

Babur ɗin ya zama naka. Makanike ya duba inji, ya sa sabon fulogi, ya canja tayar baya. Duk wannan ka fi ni sani yanzu. Abin da nake so mu yi magana a kai shi ne inda za ka zauna, wato sit. Kada ka yi dariya. Shekara ashirin da bakwai na yi ina malamin dabbobi, ina bin ruga ruga a kan babur, kuma ban taɓa ganin inji ya kwantar da mutum ba, amma sit ya kwantar da ni, ya kusa yi mini asarar da ta fi haka.

Farkon kuskurena gayu ne. Lokacin da na samu babur na farko ina saurayi, sai na ga sit ɗinsa ya yi tudu, ya yi kama da na tsofaffi. Na kai shi wurin Yohanna, mai ɗinkin kujeru na Nukkai, wanda ka sani yanzu da furfura, lokacin yana matashi kamar ni. Na ce ya rage soson ya kwanta, ya rufe da baƙar leda mai sheƙi, ya yi mata jan layi a gefe. Ya juya sit ɗin a hannu ya dube ni.

Ya ce, “Malam, ina ne kake zuwa da wannan mashin?”

Na ce, “Ko'ina. Lau, Zing, Mutum Biyu, duk inda shanu suke.”

Ya ce, “To wannan soso da ka ce a yanke, shi ne yana ɗauke ka. In na cire, ƙarfe ne zai gaishe ka.”

Na ce masa ya yi aikin da aka sa shi. Ya yi kuwa, ya yi kyau sosai. Kwana uku ina zagaya gari a hankali don a gani. A rana ta huɗu aka tura ni rigakafi wasu rugage bayan Lau. Lokacin hanyar burji ce, gargada tun daga bakin gari. Kafin rana ta take, baƙar ledar nan ta ɗau zafi kamar murfin tukunya, gumi ya jiƙa wandona, kowane rami kuma sai na ji shi har tsakiyar kaina. Kwana biyar na yi a wannan zagaye. Kafin in dawo maruru biyu sun fito mini a mazaunai. A ruga ta ƙarshe Arɗo ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ƙwaryar kindirmo, ni kuwa na kasa zama. Na ce ai tsayuwa ta fi mini daɗi. Tsohon ya dube ni ya dubi babur, ya ce da fillanci wai a kawo wa baƙo buzu, ya kwanta ta gefe ya sha nononsa. Matan rugar suka juya baya suna dariya cikin mayafi. Da zan tafi ya ba ni buzun kyauta, ya ce in ɗora a kan dokin ƙarfen.

Saboda haka, kada ka bar wani ya taɓa tsayin sit ɗin nan don kyau. Kyan babur na masu kallo ne, su kuwa ba za su raka ka ko zuwa Sunkani ba. Za ka ga na sa Yohanna ya rufe shi da abu mai ɗan kaushi marar sheƙi. Na san ba zai burge abokanka ba. Ka bar shi haka. Akwai buzun rago da na naɗe na ɗaure a kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya. Ka shimfiɗa shi gashin yana sama, ka ɗaure da roba ta ƙarƙashi. Yana shan gumi, iska tana bi ta cikinsa, in kun hau dutsen Mambila kuma sanyi ya kama, zai ɗumama ku. In ruwa ya taso ka cire shi ka sa a leda, don jiƙaƙƙen buzu ya fi babu muni. Kuma duk inda ka ajiye babur da rana, ka nemi inuwa.

Bayan marurun sun warke sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fito daga na farko. Kunya ta hana ni komawa wurin Yohanna. Na ɗauki matashin kai mai laushi, na auduga, na ɗora a kan sit, na ɗora buzu a sama, na ɗaure. Da na hau sai na ji kamar a gado. Awa ɗaya na yi ina yaba wa kaina. Daga nan audugar ta dunƙule gefe ɗaya, na koma zaune a karkace, ƙuguna yana murɗewa. Abin da ya fi muni, na yi sama da yawa, ƙafata ba ta kai ƙasa sosai. A wani rafi kan hanyar Zing na shiga yashi, babur ya yi tangal-tangal, na kai ƙafa ban samu ƙasa ba. Na faɗi, akwatin magani ya buɗe, kwalaben allura suka farfashe. Shanun ƙauye biyu ba su samu rigakafi ba a wannan makon saboda matashin kaina. Na sha faɗa a ofis, kuma na cancanta.

Da na koma Nukkai da kaina a ƙasa, Yohanna bai yi mini gori ba. Ya ɗauko soso iri biyu ya ce in danna. Ɗaya yatsana ya nutse har ƙasa, ɗaya ya ɗan lotsa ya tsaya.

Ya ce, “Mai laushi na minti goma ne. Mai tauri na yini ne. Wanne kana so?”

Shi ne ya koya mini cewa faɗi ya fi laushi amfani. A sa mai tauri a ƙasa, a shimfiɗa mai laushi siriri a sama, a buɗa wurin zama ta baya yadda nauyin mutum zai bazu, a tsuke gaba yadda cinya ba za ta gogu ba kuma ƙafa ta sauka ƙasa. Haka ya yi maka wannan. Ka gwada kafin ka tashi: ka zauna, ka sauke ƙafafu biyu, in tafinsu bai taka ƙasa ba ka koma wurinsa. In soson ya mutu bayan shekara ɗaya ko biyu, za ka gane, don za ka fara jin ƙarfen ƙasa in ka faɗa rami. Ka canja a lokacin, kada ka yi masa ciko da tsumma.

Ga wasu ƙananan abubuwa da ba wanda ya gaya mini. Kada ka bar komai a aljihun baya, ko takarda ce. Kada ka sa wando mai kaurin ɗinki a tsakiya, irin wanda samari ke yayi yanzu. In ka sa babbar riga ka tattare ta gaba, kada ka zauna a kan ƙullinta, kada kuma ka bar ta tana lilo kusa da taya. Kada mai faci ya cika maka iska har taya ta zama dutse, don duk abin da taya ta ƙi sha, bayanka ne zai sha. In ka hango gargada, ka ɗan ɗaga jikinka a kan matakan ƙafa, gwiwoyinka su karɓi bugun.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta takardar nan. Duk na sama da baki ma zan iya faɗa maka su.

Shekara uku da aurenmu da mahaifiyarka, Dadarku, wani direban babbar mota ya kawo saƙo cewa mahaifiyarta tana kwance a Bali, jiki ya yi tsanani. Dada tana da ciki wata shida. Babu motar da za ta tashi sai bayan kwana biyu, ita kuwa tana ta kuka. Na ce ta shirya, da safe zan kai ta a babur. Ina ji da kaina a lokacin. Ana cewa duk ofishinmu ba wanda ya kai ni cin hanya, kuma ina son a riƙa faɗa.

Na ɗaure akwatinta a kariya, na ɗora ƙullin shinkafa da sukari na gaisuwa a kai. Kayan suka yi yawa, suka turo gaba suka cinye rabin wurin zamanta. Na hau na zauna yadda na saba, na baje. Sannan na ce ta hau. Abin da ya rage mata bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta zauna a gefe ɗaya kamar yadda mata ke zama, rabin jikinta a kan soso, rabi a kan ƙarfen kariya. Ban duba ba. Na ji nauyinta ya hau, na ba da wuta.

Da muka kai Sunkani ta ce, “Malam, ba za mu sha ruwa ba?”

Na ce, “Yanzu fa muka taso. Bari mu ƙara gaba.”

Muka yi ta tafiya. Rana ta yi zafi, hanya ba kwalta, ina ta kauce wa ramuka ina jin daɗin yadda nake sarrafa babur. Da muka shiga Garba Chede ta sake magana, a hankali, kusa da kunnena.

“Malam, azahar ba ta yi ba?”

Na dubi agogo na ce, “Da saura. Ma yi a gaba.”

Sa'idu, agogon gaskiya ya faɗa, amma ba lokaci take tambaya ba. Roƙona take yi in tsaya, ta hanyar da tarbiyyarta ta yarda mata. Ba ta sake cewa komai ba har Bali. Ni kuwa da na ji shiru sai na ɗauka komai lafiya.

Muka isa ƙofar gidansu bayan azahar. Na kashe inji ina murna, har ina lissafin awa nawa muka yi don in ba da labari a ofis. Na ce ta sauka. Ta zamo, ƙafarta ta taɓa ƙasa, sai kawai ta zube. Ƙafafun sun mutu tun tuni, ba ta jin su. Da aka ɗaga ta na ga jini a zaninta, ƙarfen kariya ya yanke ta a cinya, ya yi ta cin wurin tsawon hanya. Kafin la'asar mara ta fara murɗa mata.

Ƙanwar mahaifinta, Goggo Fantu, ta fito ta same ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, “Kai ne malamin dabbobi, ko?”

Na ce, “Ni ne, Goggo.”

Ta ce, “Na ji in aka kawo maka saniyar mutane, kofato ɗaya bayan ɗaya kake ɗagawa kana dubawa. Ita wannan tun daga Jalingo ko waiwaye ba ta samu ba?”

Har yau maganar nan tana kunnena.

Ungozoma ta ce kada ta motsa, in ba haka ba cikin zai fita. Kwana arba'in ta yi a kwance. Mahaifiyarta da muka je dubawa ita ce ta samu sauƙi ta tashi ta koma jinyar ɗiyarta. Ni kuwa na dawo Jalingo ni kaɗai, duk ƙarshen mako in koma Bali, ina tafe ina jin wurin da babu kowa a bayana, ban san abin da zan tarar ba. Allah ya rufa asiri, cikin ya tsaya. Ta haihu a can, yaro ɗan ƙarami, har mata suna cewa ba a ɗaukarsa sai da tsumma biyu. Kai ne wannan yaron. Kana jin ana cewa an haife ka a Bali, ba a taɓa gaya maka dalili ba. Dada ce ta hana, don kada ku ga laifina.

To ga shi yanzu za ka ɗauki Asma'u a kan hanyar nan, har ku wuce inda muka tsaya, ku hau dutse. Na lura da ita. Yarinya ce mai kunya, irin Dada. Ba za ta ce maka ta gaji ba. In ka tambaye ta za ta ce lafiya lau, ko da ƙafarta ta sage. Saboda haka kada ka jira ta faɗa, kuma kada ka tsaya a tambaya. Duk bayan awa ɗaya ka nemi inuwa ka kashe inji, ka ce kai ne ka gaji. Ku sauka ku taka, ku sha ruwa. In za ta sauka ka riƙe hannunta har ka ga ta tsaya da kanta. In ta tambaye ka ruwa, ko lokaci, ko sunan wani ƙauye, ko me ake sayarwa a can, ka tsaya.

Wurin ɗaurin kaya, ita za ka fara zaunarwa. Ta hau, ta gyara, ka zagaya ka duba da idonka cewa duk jikinta a kan soso yake, ƙafafunta biyu suna kan mataki, zaninta bai kusa da taya ko salansa ba. Abin da ya rage na wuri shi ne na kaya. Abin da bai shiga ba ka ba motar kasuwa. Akwati ba ya jin ciwo. Kai ma ka matsa gaba, na sa Yohanna ya ƙara faɗin ɓangarenta ya ɗan ɗaga shi, ya naɗe ƙarfen baya da roba.

Kuma kada ta zauna a gefe ɗaya. Sau biyu na hau Mambila da babur. Daga Mayo Selbe in aka fara hawa, na baya zamewa yake yi baya, in an zo gangara ya zamo kanka, ga kwana kan kwana. Dole ta raba ƙafa ta riƙe ka sosai. Dada ta ɗinka mata dogon wando da za ta sa a ƙarƙashin zani, ta kuma ce ita za ta yi mata bayani, kai ba ruwanka. Ku raba tafiyar biyu. Ku kwana a Bali wurin kawunanka, in kun ga jiki bai sake ba ku ƙara kwana a Serti, ku hau dutsen da safe da ƙarfinku. In Allah ya kawo rabo nan gaba, ta samu ciki, to babur ya haramta gare ta a doguwar hanya. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma kana ganinsa kullum. Bayan abin da ya faru na koyi kula da na bayana, amma ban koyi kula da kaina ba. In ni kaɗai ne sai in yi awa huɗu ban sauka ba. Ƙugu ya fara ciwo, in shafa man zafi in hau. Ƙafar hagu ta fara yin sanyi, in ce gajiya ce. Shekara goma ina haka. Ranar da na je asibiti a Yola, likita ya ɗaga hoton bayana ya ce ƙasusuwan ƙasa sun goge juna, ba abin da za a mayar. Yanzu ka ga yadda nake salla a kan kujera a ƙarshen sahu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma ba abin da nake kewa a duniya kamar in sa goshina a ƙasa. In liman ya yi sujada, kowa ya sauka, ni kaɗai nake saura a sama ina kallon bayan mutane. Minti biyar biyar da na ƙi tsayawa ne suka taru suka zama haka. Aikin gona da aka tura ka zai sa ka yawo ƙauye ƙauye kamar ni. In bayanka ya yi magana, ka saurare shi tun yana yi a hankali.

Shekaranjiya da aka dawo da babur daga Nukkai, Dada ta fito tsakar gida ta danna sit ɗin da hannu, ta shafa wurin da aka naɗe ƙarfen. Ni kuwa sai na ji bakina ya buɗe, bayan shekara ashirin da biyar.

Na ce, “Ki yafe mini hanyar Bali.”

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, “Wannan ai tun a Bali na yafe. Abu ɗaya ne ban yafe ba.”

Na ce, “Mene ne?”

Ta ce, “A Garba Chede akwai wata mata a gindin bishiya da tiren mangwaro. Ka san mai ciki da kwaɗayi. Na ga har ka rage gudu, na ce Alhamdu lillahi, ashe rami ka kauce wa. Har yau ban ci mangwaron da ya kai wanda ban ci ba ran nan.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, amma sai da na shiga ɗaki na share ido. Na yi mata alkawari, in kun zauna kun kintsa, kuma mangwaro ya nuna, za mu shiga mota mu zo mu ga gidanku. Zan biya kujerar gaba saboda bayana, ita a kusa da taga. Kuma tun a tasha zan gaya wa direba cewa akwai tsayawa a Garba Chede, ko fasinjoji sun yi gunaguni.

In kun isa ka ba direbobin Gembu saƙo, kada ka bar mu cikin zullumi. Ba na bukatar sanin awa nawa kuka yi. Ka gaya mini dai Asma'u ta sauka da ƙafafunta.

Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sauƙaƙa muku hawa da gangara. Allah ya haɗa ku da mutanen kirki a inda za ku, ya sa albarka a aikinka da aurenka, ya dawo mana da ku lafiya. Dada tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Asma'u ta biyo gobe da hantsi ta gwada wandon. Ka yi mana addu'a kamar yadda muke yi maka.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Buba